Gawon Tsakiyar Gona

Kawu, kafin mai gatarin nan da ka aika wa don sare gawon gonarka ya iso, ka yi haƙuri ka saurari wani misali.

An yi wani manomi mai ƙaramar gona, ga iyali da yawa, rumbunsa ba ya kai su kaka. A tsakiyar gonar akwai tsohon gawo, kuma duk faɗinta babu inda gero ke fitar da zangarniya kamar gindinsa. Sai ya ce a ransa, "Ƙasa mai kyau haka, itace ya tare ta? In na kawar da shi ai na ƙara kunya biyar." Ba mugunta ba ce, bakin yaransa ya duba. Ya sare gawon, aka sassaƙa wa matarsa turmi da shi. Daminar farko gero ya yi, har maƙwabta na yi masa barka.

Abin da bai lura da shi ba, shi gawo da damina yake kaɗe ganye, ya bar wa shuka rana da taki, sai da rani yake yin lif. Wannan inuwar ke tara shanun makiyaya, su ci 'ya'yansa, su bar kashi. Buzuzu ya mirgina kashin ya binne, gara da tana su huda ƙasa, ruwan sama ya samu ƙofar shiga. Balbela kuma na biye da shanu tana tsince fara. Da inuwa ta tafi, shanu suka sake hanya, sauran duk suka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. A damina ta uku wurin ya taurare kamar daɓe, ruwa ya zuba ya wuce abinsa, gero ya tsaya iya gwiwa. Ranar da matar ta zuba abin da aka samu a wurin cikin turmin nan, ko rabinsa bai kai ba. Mutumin ya daɗe yana kallon turmin. Washegari ya zaga gonar, ya tarar da ɗan tsiron gawo a cikin wani tsohon kashin shanu, ya durƙusa ya kewaye shi da ƙaya, alhali ya san jikokinsa ne za su sha inuwarsa.

Ka gani, Kawu, geron nan arzikin gawo yake ci. Dama Hausawa sun ce, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.