Kofin da Lujain Ta Cika

Suhaib ya zauna a falon su Lujain a Amman, kwalin cakulan da ya sayo a birnin Rum na kan cinyarsa, ya rasa inda zai ajiye shi.

Ran Juma'a mahaifinta ya yanka rago, ya tara 'yan'uwa su ga mai neman 'yarsa. Shi kuwa gogan, abokai suka samo tikitin jirgi mai araha, ya bi su Rum yawon buɗe ido, ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi.

Lujain ta shigo da butar gahawa, ba ta ko dube shi ba.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ai na ga sauƙin. Abokinka Anas ya saka hotuna. Coci uku, gada biyu, ga ka kana dariya. Mara lafiya ya yi ƙoƙari."

"Wallahi tafiyar ce ta faɗo kwatsam, Lujain."

"Baba ya hana kowa taɓa abincin har ya huce. Baffana yana ta cewa a kai maka naka, a duba ka."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya miƙa hannu ya karɓi kofi.

A al'adar mutanen Amman, baƙon da ake so ya daɗe, kaɗan ake zuba masa, a riƙa ƙarawa; cika kofi kuwa sallama ce. Lujain ta karkata butar, ta zuba, ta yi ta zubawa, har kofin ya cika, gahawar ta ƙona masa yatsa.

"Sha," ta ce a hankali. "Kana da tafiya a gabanka."