Gorunan Tabarno

Goruna tara ne jingine da bangon ɗakin girki, Kiptanui ya daɗe tsaye a kansu bai taɓa ko ɗaya ba. Shi ne duba-gari na wannan yanki, takardar da ke aljihunsa kuwa ta ce a kwashe duk mazubin da aka ajiye mursik, wato nono mai tsami, a ciki ranar biki. Shi da kansa ya sa mata hannu. Gorunan na mahaifiyarsa ne, Tabarno.

Kwana shida ke nan da aka yi koito na ƙanwarsa, ranar da dangin ango suka zo neman aure. An shirya wa mutum saba'in, sai ga motoci daga Kapsabet suna ta sauke jama'a har aka haura ɗari biyu. Gidan da nono ya ƙare kafin baƙo na ƙarshe ya sha, ai har jikoki sai sun ji labari. Amma nono bai ƙare ba. Kowa ya sha, wasu suka miƙo kofi aka ƙara musu, dattawa suka tashi suna cewa hannun Tabarno akwai albarka.

Kwana biyu bayan nan amai da gudawa suka kwantar da mutum goma sha huɗu. Manya sun miƙe. 'Yar maƙwabciyarsu Chepkorir ce ba ta miƙe ba, Jerop mai shekara biyar, wadda har yanzu tana asibiti ana sa mata ruwa ta jijiya. Kiptanui ya je duba ta sau uku, duk ukun a bakin ƙofa ya tsaya ya juyo.

Masu awo a asibiti sun ce ƙwayar cutar irin ta kashin shanu ce. Gari bai buƙaci ƙarin bayani ba. Tsohuwa ce, ido ya yi rauni, ta taso daga tatsa ba ta wanke hannu ba.

Arap Sang mahauci ya leƙo ta saman shinge da sandarsa. "A'a, ranka ya daɗe duba-gari! Yau kuma gidanku aka zo rufewa? Kai da ka garƙame mini shago sati guda saboda ƙuda uku?"

"Ina kwana, Baba," in ji Kiptanui, bai ɗago kai ba.

"Wuce ka ba mu wuri, tsohon banza," in ji Tabarno daga kan kujerarta. "Ƙudajenka ma sun fi naman da kake sayarwa ƙiba." Ta faɗa ne don kada a ce ba ta tanka ba, amma muryar ba ta da ƙarfi.

Da mahaucin ya wuce, sai ta hau lissafa wa ɗanta yadda ta yi, kamar yadda take yi kullum tun da abin ya faru. Ta tafasa nonon har ya taso. Ta wanke kowace gora ta shanya a rana. Ta ƙona icen itet ta goge cikinsu da gawayinsa, ta zuba, ta toshe, ta jira kwana huɗu. Shekara arba'in haka take yi, ba a taɓa cewa cikin wani ya murɗa ba.

"Amma da na ɗanɗani ragowar, na ji shi salam, babu nauyi a harshe," ta ce. "Tun a nan na san hannuna ya tsufa. Kai ka yi ta gaya mini in sa tabarau, na ce da kai shanu sun san ni ba da gilashi ba."

Kiptanui ya kawar da kai. Kwana huɗu bai ci abincin kirki ba.

"Kada ka damu kanka, ɗana, aikinka kake yi. Da kowa na can yana rawa, kai kaɗai ka tsaya bayan ɗaki kana cika mini butocin nono. Ba zan sa a ce ka rufa wa uwarka asiri ba." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Ba sai ka ɗauke su a babur gari na kallo ba. Ni zan gama da su a nan. In na gama, ka kai ni asibiti in durƙusa wa Chepkorir."

Ta jawo babbar gorar, mai maɗaurin fata da duwatsun ado, wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta gidan nan. Ta kwantar da ita a ƙasa, ta shafa ta sau ɗaya, ta ɗauki taɓarya ta ɗaga sama.

Kiptanui ya riƙe taɓaryar da hannu biyu.

"Mama, ajiye. Ni zan durƙusa wa Chepkorir," ya ce. "Da na ga nonon ba zai kai ba, ni na ɗebo ruwa jarka biyu a tafkin da ke ƙasan garke na zuba a ciki."