Katin Sama'ila

Sau uku Ƙadri yana ninke takardar, sau uku tana fitowa kamar kunnen akuya. Ramlatu mai shagon kati ta karɓe ta tana dariya, ta ajiye masa fure na gaske a kan tebur: jar takarda falle shida, kowanne an ninke shi gida huɗu, an murɗe bakinsa da tsinke, an haɗe gindinsu da ɗigon ƙaro.

"Bari wahal da kanka, malam," in ji ta. "Ni kaina ban iya wanga ninki ba, kawo mini shi ake."

So yake ya koya don ya huta da zuwa Tasawa duk wata, amma hannun da ya saba da kwance injin moto ina shi ina fure. Ya zaɓi kati ɗaya, ya koma gindin itacen bedi ya fiddo bik ɗinsa na rubutu.

Wata huɗu ke nan da rami ya rufta da yayansa Sama'ila a wurin haƙar zinari, can gaba da Agadas. Ƙadri aka bugo wa waya yana garejinsa a Mayahi. Ya ce "to", ya ƙarasa ɗaure tayar da ke gabansa. Har yau bai yi kuka ba. Zuciyarsa ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an tsungule ta ba ta ji.

A lokacin Zara'u, matar Sama'ila, tana da cikin wata biyar, bayan ɓari biyu da suka kusa tafiya da ita. Shi ya sa Baba, mahaifinsu, ya yanke magana: ba zaman makoki, ba mai faɗa mata sai ta sauka lafiya. Shi da Ƙadri da liman kaɗai suka sani, su suka yi wa mamacin addu'a a Attantane, garinsu na asali, suka dawo kamar daga kasuwa suke.

Sai dai Sama'ila ya bar musu aiki. Tun suna karatu a lakwal yake aika wa Zara'u kati mai fure, kuma da ya tafi inda babu rezon waya bai fasa ba, duk wata sai ya ba direba ya kawo. In wata ya wuce shiru, ta gane.

"Malami guda ya koya muku, rubutunku ɗaya," Baba ya ce wa Ƙadri.

Ƙadri ya yi dabara, a ganinsa. A Mayahi kowa ya san fuskarsa, don haka ya riƙa hawa moto har Tasawa da sunan sayo kayan gyara. Zara'u 'yar Tasawa ce, ba ta barin tafiyar ta wuce a banza, kullum sai ta ba shi wani ɗan kwali marar nauyi, ɗaure da zare, ya sauke a gidan mahaifiyarta. Ya sauke, ya sha ruwa, ya zagaya kasuwa har la'asar, sannan ya bi ta shagon Ramlatu.

Yau ma abin da ya saba ya rubuta. Ina nan lafiya. Ki kula da kanki. Na kusa dawowa. Bai ji komai ba yana rubutawa, kuma rashin jin ya fi ba shi tsoro.

Da ya koma Mayahi ya sami Zara'u a ƙofar ɗakinta kan tabarma. Ta karɓi katin hannu biyu, ta shafa furen da babban yatsa, ta danne wani kunne da ya ɗago.

"Direba ya kawo?"

"I, ɗazu."

"Allah shi saka da alheri."

Da can, ƙanin miji bai isa ya wuce ƙofar nan ba tare da ta ja shi da tsiya ba, ta ce ya tsufa a gwauro, ya ce miyarta ba gishiri. Yanzu duk wannan ya mutu. Ba kwalli, ba turare, ta cire 'yan kunne, zane guda koɗaɗɗe take ta maimaitawa. Ko bikin maƙwabta ba ta leƙawa, daga ɗaki sai awo. Matan gida suka ce nauyin ciki ne. Ƙadri ya ga wani abu ya bushe a yatsunta yana ɓamɓarewa, ya ce a ransa koko ne, ya wuce.

Kwana goma sha biyu bayan haka ta haifi namiji, lafiyayye, mai ƙarar kuka. Aka yanka rago, Baba ya raɗa masa Abdul Razak.

Washegarin suna da hantsi Baba ya yi sallama a ɗakinta, Ƙadri na biye. Tsohon ya zauna, ya cire hula, ya mayar. Ya fara da cewa duk mai rai mamaci ne, sai muryarsa ta ƙi gaba.

Zara'u ta gyara wa jaririn kwanciya a cinyarta. Idonta a bushe yake.

"Baba, kada ka wahal da bakinka," ta ce. "Na gama takabata ran da na haihu."

Ƙadri ya ji abu ya taso masa daga ƙirji, karo na farko cikin wata huɗu, da ƙyar ya iya haɗa magana.

"Wa ya gaya miki?"

"Kai, ran da ka kawo katin farko," in ji ta. "Furen da ke kansa nawa ne, ni ke ninke ma Ramlatu furanninta, su ne cikin kwalin da kake kai ma uwata. Na ci gaba da yi ne don kada ka tahi ka iske babu."