Taku Arba'in

"Baba, wa ya jawo ƙofar nan bakin fili?" in ji sabuwar shugabar lambun birni, tana kaɗa taswira. A takarda, taku arba'in ne tsakanin tsohuwar ƙofar tarihi da filin ƙwallo. A ƙasa kuwa, ga 'yan wasa sun rataye rigunansu a jikin ƙofar.

Tsoho mai gyaran fili ya ajiye bokitin fenti. Mutum biyu ta sallama tun zuwanta.

"Ranki ya daɗe, ƙofa shekararta ɗari uku ba ta ɗaga ƙafa ba. Filin ne ya zo gaishe ta."

Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya faɗi gaskiya. Masu tsaron gida kan tattake ciyawar gaban raga har ta mutu. Shi ya sa duk shekara yakan matsar da ragar nan da ta can taku ɗaya zuwa wajen ƙofar, ya sake ja layi, ƙasa ta huta.

"To yanzu ya za a yi?"

Ya ɗauki bokitinsa.

"Da sauƙi. Bar ni a bakin aiki shekara arba'in, in mayar miki da shi."