Takardar da Ya Musanya

Likitar ta rufe fayil ta ce, "An kammala gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Waɗanda aka jinkirta wa allura ta uku har wata shida sun fi samun kariya."

Direban da ke zaune a gabanta ya tuna. Bara, ranar rabon rukunin gwajin, shi da matarsa kowa ya zari takarda. Tasa ta masu allura wata-wata ce, tata ta masu jinkiri. A bencin jira ya musanya su.

"Ke zazzaɓi ya fi kayarwa," ya ce mata. "Gara ki riga ni gamawa."

Likitar ta duba jerin sunaye. "Malam, iyalin fa?"

"Tana bene, gado na huɗu," ya ce. "Yau kwana tara ana yi mata ƙarin ruwa."