Mai Fuskar Sarki

Tunda ka ce sabon abokin aikinka ya tsone maka ido, gyara zama ka ji wani misali. A zamanin da, a ƙasar Girka, 'yan wasan kwaikwayo suna da ƙungiyarsu mai dattawa da dokoki. Garin da zai yi biki, ita yake aika wa, ita kuma ta tura masa 'yan wasa. Al'adarsu mutum uku kacal ke ɗaukar wasa. Kowa yana sa fuskar aro da aka haɗa da ƙyalle, in ya gama da ɗaya ya zagaya bayan dandali ya sauya wata, babbansu kuwa shi ke raba fuskokin. To akwai wani babba da ya shekara ashirin yana fitowa a sarki, har ya fara tafiyar ƙasaita ko kasuwa za shi. Ana nan sai ƙungiya ta haɗa shi da wani tsohon masunci mai muryar da in ya buɗe baki, ɗan kallon da ke can saman benen dutse sai ya daina tauna abin da ke bakinsa. Ranar farko da babban ya ji wannan shiru, ya san ba don shi aka yi ba, baƙin ciki ya kama shi. Korar mutumin ba ta hannunsa, amma rabo yana hannunsa. Sai ya riƙe fuskar sarki gam, ya riƙa tura wa masuncin tarkace: yau tsohuwa mai reno, gobe makaho, jibi ɗan aike mai haki. Shekara bakwai bawan Allah yana gudu a bayan dandali, yana cire wannan yana sa waccan, gumi na ɗiga, babu wanda ya san sunansa. Shi kuwa gogan naka in ya gan shi haka, har wani sanyi yake ji a ransa.

A shekara ta takwas aka tura su babbar gasa a wani tsibiri, inda ake ɗora wa gwani kambin ganye a sassaƙa sunansa a dutse. Babban ya daɗe yana kwaɗayin wannan dutse. Suna sauka daga jirgin ruwa zazzaɓi ya kwantar da na ukunsu, ga shi dokar ƙungiya in an amsa gayyata ba fashi. Dattawa suka tambayi babban ko zai ƙara fuska ɗaya a kan tasa. Ya gwada muryar tsohuwa, sai ga tsohuwa tana tsawa irin ta sarki, har mai ɗinka musu kaya ya juya baya yana ƙunshe dariya. Masuncin ya tattara fuskoki biyar, nasa da na mai zazzaɓin, ya shiga. Ya sa jama'a kuka da tsohuwar, ya ba su dariya da fuskar makiyayi, sarki kuwa yana tsaye a tsakiya kamar turken da aka kafa. Da aka tashi, alƙalai suka ce waɗanda suka sa fuskokin nan biyar su fito a zaɓi gwani. Mutum ɗaya ya fito, ya cire fuska. Shi aka ɗora wa kambin, sunansa aka sassaƙa, dattawa kuma suka mayar da rabon fuskoki hannunsa.

Ranar rabon farko, tsohon babban ya tsaya yana jiran ramuwa. Masuncin ya duba kwandon, ya ɗauko fuskar sarki ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Ga taka, Yallaɓai." Ba don ba'a ya yi ba, babu wata fuskar da tsohon babban zai iya sawa sai ita. Wannan ta fi yi masa ciwo, don sai a lokacin ya gane shi da hannunsa ya koya wa mutumin muryoyi biyar, ya bar kansa da ɗaya. Don haka ka sakar wa abokin aikinka mara. Hausawa sun riga sun faɗa: hassada ga mai rabo taki ce.