Shuɗin Bokiti

Ina shigowa gida na ga shuɗin bokitin a ƙofar banɗaki yana tururi. Na tsaya cak.

Ni na ɗauko shi jiya daga masana'antar jimar da nake aiki, don mu riƙa zuba shara. A cikinsa muke kwaɓa garin da ke cinye gashin fata. Injiniyanmu ya sha ja mana kunne cewa daga ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a tafasasshen marmaro ake samo garin. Zafi ba ya kashe shi, tashinsa yake yi.

"Mama, me kika yi da bokitin nan?"

"Wanka na yi wa 'yarka. Kai da ɓarna, sabon bokiti ka ce na shara?" Ta yi dariya. "Kwantar da hankalinka, sau biyu na ɗauraye shi da ruwan zafi. Me ke tsira daga wuta?"

Yarinyar ta taho da gudu, kanta a jiƙe.

"Baba, kaina yana ƙaiƙayi."

Na ɗora hannu a kanta a hankali, ina addu'a. Da na ɗaga, kitsonta guda ya biyo tafina.